Wa Ke Sama, Wa Ke Ƙasa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsayin Mutane a Japan ta Zamanin Samurai

Ɗaliban tarihi da masu kallon finafinan samurai sukan yawaita maimaita waɗannan tambayoyi. An fara da masu sauƙi kafin a shiga masu sarƙaƙiya, amma kowace amsa tana tsayawa da ƙafarta.

Wane zamani ake nufi idan an ce Japan ta zamanin samurai?

Mulkin mayaƙa ya daɗe kusan shekara 700 a Japan. Ya fara ne da Minamoto no Yoritomo, wanda ya kafa gwamnatinsa a Kamakura, aka naɗa shi shogun, wato babban shugaban mayaƙa, a 1192, ya kuma ƙare a 1868. Sai dai tsarin da mutane suka fi sani, wanda ɗan manomi ke mutuwa manomi, ɗan samurai, wato ɗan gidan mayaƙa, ya gaji takobin ubansa, na ƙarshen wannan lokaci ne, wato zamanin gidan Tokugawa daga 1603 zuwa 1868.

Kafin nan ƙasar ta shafe fiye da shekara ɗari cikin yaƙin basasa, tun daga yaƙin Onin na 1467. A lokacin, manomi kan ajiye fartanya ya ɗauki mashi, idan sa'a ta zo ya wayi gari shugaban dakaru. Toyotomi Hideyoshi kansa ɗan talaka ne, ya hau har ya mallaki ƙasar. Shi ne kuma ya rufe ƙofar da ya shigo ta cikinta: a 1588 ya ba da umarnin karɓe takubba daga hannun manoma, a 1591 ya hana mayaƙa komawa noma ko kasuwanci, ya hana manoma barin gonakinsu. Tokugawa Iyeyasu, wanda ya ci yaƙin Sekigahara a 1600, gini ya tarar, ya ɗora a kai.

Tsakanin Sarkin Japan da shogun, wa ke da iko?

A suna, Sarki ne a sama, domin shi ke naɗa shogun. A aikace, Sarki yana zaune a fadarsa ta Kiyoto da fadawansa, suna addu'o'i da bukukuwan gargajiya da rubuta waƙe, shogun kuwa yana Edo, garin da ya zama Tokiyo, da sojoji da baitulmali. A 1615 gwamnatin shogun ta fitar da dokar da ta tsara wa fadar Sarki yadda za ta tafiyar da kanta, ta ce babban aikin Sarki shi ne neman ilmi. Ƙasar da aka ware don ciyar da gidan Sarki ba ta wuce koku 30,000 ba, abin da matsakaicin daimiyo, wato mai mulkin yanki, ya fi ƙarfinsa (bayanin koku yana nan gaba). Akwai fadawan da asalinsu ya fi na shogun tsufa nesa ba kusa ba, amma sai sun koyar da rubutu ko waƙe kafin tukunyar gida ta tafasa.

Gaskiya ne an raba jama'a gida huɗu: samurai, manoma, masu sana'a, 'yan kasuwa?

Wannan jerin daga littattafan malaman Konfushiyas na ƙasar Sin aka aro shi, malaman Japan suka riƙa maimaita shi. Hujjarsu ita ce samurai yana mulki, manomi yana ciyar da kowa, mai sana'a yana ƙera abin amfani, ɗan kasuwa kuwa bai samar da komai ba, riba kawai yake ci a guminsu. Amma abin da ke bakin malamai daban, abin da ke cikin kundin hukuma daban. Babban layin da doka ta ja yana tsakanin samurai ne da sauran talakawa. Su talakawan, inda mutum yake zaune ne ke raba su: na ƙauye manomi ne a rajista ko da kafinta ne ko masunci, na birni ɗan gari ne, ko maƙeri ne ko mai kanti. Ba wata doka da ta ce mai sana'a ya fi ɗan kasuwa. Shi ya sa tun wajen shekarar 2000 littattafan makaranta a Japan suka fara daina koyar da jerin a matsayin matakala mai hawa huɗu.

Ga kuma mutane da yawa da jerin bai san da zamansu ba: fadawan Kiyoto, limaman addinin Buda da na Shinto, likitoci, makafi da ke da ƙungiyarsu mai muƙamai, 'yan wasan kwaikwayo, da waɗanda aka ware gefe, waɗanda tambayarsu ke zuwa. Ta fuskar yawa, samurai da iyalansu ba su wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba, mutanen ƙauye sun haura kashi 80, a ƙasar da jama'arta ta kai wajen miliyan 30 a ƙarni na 18.

Mene ne koku, kuma me ya haɗa daraja da shinkafa?

Koku ma'aunin shinkafa ne, kimanin lita 180, abin da ake ɗauka zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Hideyoshi ya tura ma'aikata suka auna gonakin ƙasar, aka rubuta koku nawa kowace gona za ta iya bayarwa da sunan wanda zai biya harajinta. Daga nan komai ya koma lissafin koku: girman ƙasar mai mulki, yawan dakarun da zai kawo idan an kira shi, albashin baransa, har inda zai zauna a zauren shogun. Wanda ya gane cewa daraja da shinkafa ake auna ta, alhali kasuwa da kuɗi take ciniki, ya gane rabin tarihin wannan zamani. Sauran rabin yana cikin amsoshin da suka shafi talaucin samurai da arzikin 'yan kasuwa.

Su wane ne daimiyo, kuma duk darajarsu ɗaya?

Daimiyo shi ne mai mulkin yankin da ya kai koku 10,000 zuwa sama, wanda ya yi wa shogun mubaya'a kai tsaye. Yawansu ya riƙa kaiwa wajen 260 zuwa 270. Mafi girma shi ne gidan Maeda na Kaga, mai sama da koku miliyan ɗaya. Shogun da barorinsa na kusa sun riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, haɗe da manyan birane da ma'adinai.

An kasa su uku. Akwai dangin Tokugawa, musamman gidajen Owari, Kii da Mito. Akwai tsofaffin barorin gidan, waɗanda ake kira fudai, su ke riƙe manyan muƙaman gwamnati ko da ƙasarsu ƙarama ce. Sai tozama, waɗanda suka kawo caffa daga baya, wasu ma sai da aka ci su da yaƙi a Sekigahara. Waɗannan suna da faɗin ƙasa amma ba su da kujera a majalisa. Gidan Mori na Choshu an zaftare masa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsa bayan yaƙin. Ba su manta ba, domin su da gidan Shimazu na Satsuma ne suka jagoranci kifar da Tokugawa bayan fiye da shekara 260.

Linzamin da aka sa musu ya fi takobi kaifi. Daga 1635 ya zama doka daimiyo ya yi shekara a Edo, shekara a ƙasarsa, matarsa da magajinsa kuwa suna Edo dindindin, garkuwa ce ba a kira ta da sunanta ba. Kowace tafiya sai da ayari daidai darajarsa. Na Kaga yakan haura mutum 2,000, ana biyan masauki da abinci a kowane zango na kusan mako biyu. Kuɗin da zai sayi bindiga da su, hanya ta cinye. A shingayen hanyoyin da ke zuwa Edo abu biyu masu gadi suka fi sa wa ido: bindigogin da ke shiga Edo da matan da ke fita daga cikinta.

Shin duk samurai masu hali ne?

Ko kusa. A cikin barorin shogun kansa akwai hatamoto, wajen 5,000, masu izinin bayyana a gabansa, da gokenin, wajen 17,000, waɗanda ba su da wannan izini. Haka kowace ƙasar daimiyo take da manya da ƙanana, kuma ratar da ke tsakaninsu takan fi wadda ke tsakanin ƙaramin samurai da manomi mai hali. Fukuzawa Yukichi, wanda hotonsa ya daɗe a takardar yen 10,000, ɗan ƙaramin samurai ne na Nakatsu. Ya ba da labarin cewa a garinsu manya da ƙanana ba sa auratayya, ko maganarsu ta bambanta, kuma ƙarami komai hazaƙarsa da wuya ya tsallaka.

Matsalar ita ce albashi gado ne, ba ya ƙaruwa, farashin kaya kuwa ba ya jiran kowa. Ga shi an raba yawancinsu da gona, an tara su a garuruwan da ke kewaye da fadar ubangidansu, yaƙi ya ƙare, sun zama magatakarda da masu gadi. Samurai mai koku talatin dole ya riƙe bara, ya yi shigar da ta dace, ya kai gaisuwa. Idan baitulmalin ubangida ya yi ƙasa, sai a ce an “ranci” wani kaso na albashinsa, rancen da ba a cika biya ba. Sai ka tarar da mai takobi biyu a tsakar gida yana liƙa takarda a jikin laima, matarsa tana saƙa, a ɓoye a kai wa ɗan kasuwa. Wanda ubangidansa ya mutu ba magaji ko aka ƙwace ƙasarsa, ya zama ronin, samurai mara ubangida: sunan yana nan, shinkafar babu.

Da gaske ne samurai na iya sare talaka ya wuce abinsa?

Haƙƙin yana nan a doka, an ma rubuta shi a kundin shari'a na 1742, zamanin shogun Yoshimune: idan talaka ya ci mutuncin samurai ƙarara, yana iya kashe shi nan take. Amma finafinai sun ƙara gishiri. Wanda ya yi sara dole ya kai kansa ga hukuma, a tsare shi a gida, a binciki lamarin, ya kawo shaidar cewa an wulaƙanta shi. Idan shaida ta gagara, yana iya rasa muƙami da albashi, har da ransa. Don haka ba abin yau da gobe ba ne, kuma 'yan birnin Edo sun san da haka.

Duk da haka ba tatsuniya ba ce. A 1862 a ƙauyen Namamugi, dakarun Satsuma suka sare wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Charles Richardson, saboda ya ratsa ayarin ubangidansu bisa doki. Shekara ta gaba jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Kagoshima ruwan wuta.

Idan manomi ne na biyu a daraja, me ya sa shi ya fi shan wuya?

Yabon baki ne, ba ya cika ciki. Harajin shinkafa yakan kai kashi 40 zuwa 50 na amfanin da aka ƙiyasta wa gona, kuma a kan ƙauye baki ɗaya ake aza shi. Dagaci ne ke rabawa, ya tara, ya kai. An kuma haɗa gidaje biyar-biyar, idan ɗaya ya gaza ko ya gudu sauran su biya. A 1643 aka hana sayar da gona baki ɗaya, sai mutane suka koma jingina, gonar ta tafi ta ƙofar baya. Kowane gida dole ya yi rajista a wani gidan ibadar Buda don a tabbatar ba Kirista ba ne, rajistar da ta zama kundin sanin wane ne wane. Talakan ƙauye ya noma shinkafa, ya ci gero da sha'ir.

Amma ƙauye ma hawa-hawa ne. Akwai masu gona da ke da murya a taron gari, akwai 'yan haya da ba su da ita. Kuma da yake ba a cika sake auna gonaki ba, wanda ya inganta nomansa ko ya shiga auduga, siliki ko sarrafa giyar shinkafa, rarar tasa ce. A ƙarni na 19 an sami dagatai masu rumbuna da ɗakin littattafai, waɗanda samurai ke zuwa neman rance a wurinsu.

Idan tura ta kai bango, kamar lokacin yunwar Tenmei a shekarun 1780 da ta Tenpo a shekarun 1830, ƙauyuka kan yi gangami, an kuma lissafa irin wannan bore sama da 3,000 a tsawon zamanin. Tun bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, inda aka hallaka wajen mutum 37,000, manoma sun fi fitowa da lauje da gora maimakon makami, su kai koke, su farfasa gidan mai ɓoye shinkafa. Sau da yawa a rage harajin, a kuma kashe jagororin. Saboda haka wasu kan sa hannu a takardar koke a zagaye, kamar bakin faifai, don kada a gane wanda ya fara.

Yaya aka yi 'yan kasuwa, da aka ce su ne ƙarshe, suka fi kowa kuɗi?

Saboda ba a biyan tela da shinkafa. Daimiyo na tura shinkafarsa Osaka a sayar, a kasuwar Dojima, wadda hukuma ta amince da ita a 1730, inda har shinkafar da ba a girbe ba ake cinikinta a takarda. Barorin shogun kuwa dillalan unguwar Kuramae a Edo ne ke karɓar musu rabonsu su mayar da shi kuɗi. Daga karɓa sai ba da rance a kan shinkafar baɗi, daga nan ta shekara mai zuwa, da ruwa a kai. Mitsui Takatoshi ya buɗe kantin yadi na Echigoya a Edo a 1673 da sabon salo: farashi ɗaya, kuɗi hannu, a yanka maka ko ƙyalle nawa kake so. Gidan Sumitomo ya fara haƙar tagulla a Besshi a 1691. Sunayen nan biyu har yau suna kan manyan kamfanonin Japan.

Sai dai kuɗi bai saya musu kariya ba. A 1705 hukuma ta ƙwace dukiyar gidan Yodoya na Osaka bisa zargin almubazzarancin da ya wuce matsayin ɗan gari, ko da yake mutane da yawa na ganin bashin da yake bin manya ne ya ja masa. A 1789 aka soke tsofaffin basussukan da dillalan Kuramae ke bin barorin shogun. Abin dariyar shi ne dillalan suka ƙulle jakarsu, waɗanda aka so a taimaka suka rasa mai ba su rance. Dokokin hana ado ma haka suka ƙare: an hana ɗan gari sa siliki mai walƙiya, sai attajiri ya ɗinka riga mai launin toka, ya yi mata shafi da siliki mafi tsada a ciki. Wasan kwaikwayon kabuki da zanen hotunan da Japan ke alfahari da su yau, kuɗin waɗannan mutane ne ya raya su.

Su wane ne waɗanda aka ware gefe?

Rukuni biyu ne suka fi fitowa, hukuma tana kiransu eta da hinin, sunayen da a yau zagi ne a Japan. Na farko gado ne. Su ke kwashe mushen shanu da dawakai, su yi jima, su haɗa ganguna, takalma da kayan doki, wasu su yi aikin hauni da farautar masu laifi. Addinin Shinto yana ɗaukar jini da mutuwa a matsayin najasa, addinin Buda ya hana kisan dabba, sai ƙyamar aikin ta koma kan mai yin sa da zuriyarsa. Hinin kuwa sun haɗa da mabarata masu izini, masu wasa a titi, da waɗanda hukunci ko fatara ta jefa ciki. Wanda ya faɗa daga baya yana iya komawa talaka idan danginsa suka tsaya masa.

An ware musu unguwanni, ba a aure da su, ba a cin abinci tare. Amma ba dukkansu ne matalauta ba, domin mushe da fata haƙƙinsu ne su kaɗai. Shugabansu a yankin Edo, mai sarautar Danzaemon a Asakusa, yana da babban gida da ikon yi wa mutanensa shari'a. Ba kuma kullum suke sunkuyar da kai ba. A 1856 mahukuntan Okayama suka ce tufafinsu su zama marasa zane, rinin shuni ko na ruwan ƙasa kawai. Ƙauyuka sama da hamsin suka haɗa kai suka yi tattaki, dokar ta mutu, amma an ɗaure jagororin, wasu suka mutu a kurkuku.

Ina matsayin mata a wannan tsari?

Mace tana bin matsayin ubanta, sannan na mijinta. Abin lura, a zamanin Kamakura matan mayaƙa suna gadon ƙasa, daga baya aka tattara gado ga ɗa namiji guda. Matar samurai ta fi kowa takura, tunda ci gaban gidan da albashinsa sun rataya ga magaji. Matar manomi ko ta ɗan kasuwa tana gona, tana kanti, saki da sake aure kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Miji ne ke rubuta takardar saki, wadda aka saba yi layi uku da rabi, idan babu ita ba mai sake aure a cikinsu. Wadda miji ya ƙi saki tana iya gudu zuwa gidan ibadar Tokeiji a Kamakura, ta zauna kimanin shekara biyu, auren ya mutu. A can ƙasa kuma akwai 'yan matan da fatara ta sa iyayensu suka miƙa su Yoshiwara, unguwar karuwai ta Edo, da sunan kwangilar aiki, bashi ya riƙe su shekaru.

Mutum na iya canja matsayinsa?

A doka da wuya, a aikace ana yi, kuma babbar hanya ita ce riƙo. Gidan da ba shi da magaji yakan ɗauko yaro ko surukin da zai gaji suna. Samurai mai bashi sai ya “ɗauki” ɗan attajiri, kuɗi su canja hannu, har muƙamin gokenin ya zama yana da farashi sananne. Daimiyo ma kan ba dagaci ko attajirin da ya taimaki baitulmali izinin amfani da sunan gida a hukumance da rataya takobi biyu, alamomin samurai ke nan. Ino Tadataka ɗan kasuwa ne a Sawara, ya ajiye kasuwanci ya koyi ilmin taurari, ya fara auna gaɓar tekun Japan a 1800 yana da shekara 55, ya ƙare a matsayin baran shogun. Kondo Isami, shugaban Shinsengumi, dakarun da suka yi wa shogun aiki a Kiyoto, ɗan manomi ne. Sauka ma tana faruwa: ƙannen magaji a gidan samurai, idan ba su sami gidan riƙo ba, wasu kan koma likitanci, koyarwa ko noma. Ƙofar da ta fi kowace rufuwa ita ce ta waɗanda aka ware, kamar yadda aka bayyana a sama.

Yaya tsarin ya rushe, kuma akwai abin da ya rage?

Jiragen Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun iso a 1853, suka tarar da gwamnati mai bashi da ƙananan samurai masu ilmi da haushi. Ƙananan samurai ɗin ne suka kifar da shogun da sunan Sarki Meiji a 1868, sannan suka rusa ajinsu da hannunsu. A 1871 aka soke ƙasashen daimiyo, a 1873 aka fara ɗaukar maza aikin soja ba tare da duba ajinsu ba, a 1876 aka hana yawo da takobi, aka mayar da albashin gado takardun lamunin gwamnati. Masu fushi suka bi Saigo Takamori a tawayen Satsuma na 1877, sojojin da yawancinsu 'ya'yan manoma ne suka murƙushe su. Daimiyo da fadawa an haɗa su a sabon ajin masu sarauta, wanda ya rayu har 1947.

Waɗanda aka ware an 'yanta su a takarda a 1871, amma sun rasa haƙƙinsu na fata, ƙyamar kuwa ta zauna daram. A Mimasaka a 1873 masu bore sun ƙona gidajensu, sun kashe mutane. Zuriyarsu, da ake kira burakumin, sun kafa ƙungiyar Suiheisha a Kiyoto a 1922. Daga 1969 zuwa 2002 gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa wajen gyara unguwanninsu. A 1975 asiri ya tonu cewa kamfanoni suna sayen wani jerin sunayen waɗannan unguwanni a ɓoye don tace masu neman aiki, kuma wasu iyalai kan sa a bincika asalin mai neman 'yarsu. A 2016 majalisar Japan ta zartar da dokar yaƙi da wannan wariya, wadda ta ambaci yaɗuwarta a intanet, amma dokar ba ta tanadi hukunci ga wanda ya aikata ba.